Akwatin Kiran da Na Haɗa wa Yayana

Yayana manomin albasa ne a wani ƙauye da ke gefen Kajiji. Ni kuwa gyaran rediyo da waya nake yi a Bodinga, a ɗan shagon da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Shi ne ya kai ni koyon sana'ar tun ina saurayi, lokacin da mahaifinmu ya gaji da ɓarnar da nake yi masa a gona. Na tuna yadda ya durƙusa gaban tsohon ya ce, “Baba, a bar min shi. Hannunai ba na hauya ba na.” Washegari ya goya ni a keke har Bodinga, ya damƙa ni ga wani mai gyaran rediyo, ya koma.

Ciwon ya same shi ne a fadama, da hantsi, yana ban ruwa. Maƙwabtansa na gona suka ga injin yana ta zuba ruwa a fangali guda har ya tumbatsa, ba mai juya shi. Da suka je suka tarar da shi kwance tsakanin albasa, ido buɗe. Hawan jini ne, wanda bai taɓa sanin yana da shi ba. Ya yi jinya a asibiti ya dawo gida da ransa, amma gefensa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ce ta rage masa, “to”. Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake ƙin abinci, da ita yake fushi. Kuma ba ta fita da ƙarfi. Mutumin da a da in ya yi kira daga bakin fadama ana jinsa a cikin gari, yanzu sai ka sunkuya kafin ka ji shi.

Matarsa 'yar Dingyaɗi ce. Tun da aka kawo ta gidan nake ce mata matarmu, ita kuma tana ce mini Injiniya, don tsokana. 'Ya'yansu mata sun yi aure, namijin yana karatu a Sakkwato, saboda haka jinyar ta faɗa kanta ita kaɗai. Gidan kuwa dogo ne. Ɗakinsa da rumfar da ake fitar da shi shan iska suna wannan ƙarshe, madafa tana can ɗaya ƙarshen, bayan rumbu da turken awaki. In tana daka ko tana tuƙi, ba yadda za ta ji shi.

Ta ba shi tasa da cokali, in yana son wani abu ya ƙwanƙwasa. Ranar da na je dubiya na tarar da tasar a kife can nesa da shimfiɗarsa.

Ta ja ni gefe ta ce, “Injiniya, diba wanga abu. Kunya shika ji. In ya buga sau guda ban ji ba, ba shi ƙarawa, sai shi haƙura. Jiya ƙishirwa ta kusa kashe shi, ruwan na nan kusa, hannu bai kai ba.”

Na ce zan ga abin da zan iya.

Da farko wayar wuta na ja daga ɗakinsa zuwa madafa, na sa maɓalli a wannan baki, ƙararrawa a wancan. Ba ta yi ƙarko ba. Awaki suka tauna ta a inda ta sauko kusa da turke. Na gyara, na ɗaga ta sama. To amma shi ba wuri guda yake yini ba. Da safe yana ɗaki, da rana a rumfa, in abokansa sun zo a kai shi zaure, waya kuwa ba ta bin mutum.

Ina shago wata rana ina gyara wa wani rimot ɗin talabijin, dabarar ta zo mini. A goshin kowane rimot akwai ɗan ƙwai kamar ƙwayar gero uku a haɗe. In ka danna maɓalli yana ba da haske, amma irin hasken da idon mutum ba ya gani, wanda muke kira infared. Mu masu gyara da kyamarar waya muke duba shi. In ka saita kyamarar a kansa ka danna, sai ka ga yana ƙifta wani haske mai launin shunayya a fuskar wayar. A cikin talabijin kuma akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, ido muke ce masa, shi ke ganin wannan ƙiftawar. Ina da kwali cike da matattun rimot, ina da tsofaffin risiba na talabijin masu irin wannan idon, da masu su suka bari ba su dawo ba. Na ce in na ɗauki idon nan na haɗa shi da ƙararrawa na kafa a bangon madafa, shi kuma na ba shi abin dannawa, ai an rabu da waya.

Rimot yadda yake ba zai yi masa ba. Maɓallansa ƙanana ne, hannunsa na hagu kuma yana rawa, bai saba da aiki ba. Sai na ciro allon da ke cikin rimot ɗin, na sa shi a robar sabulu, na huda murfin na dasa babban maɓalli, irin na ƙararrawar ƙofa, wanda ko da tafin hannu aka danna zai kama.

Daga nan aikin ya koma kan ƙwan da wutar da zan ba shi. Na farko na ƙona shi ban ma sani ba. Na ɗora shi kai tsaye a kan batirin waya don in ga ƙarfinsa, ya yi haske ɗaya a kyamara ya ɗauke. Ƙwan fitila in ya mutu kowa ya gani. Wannan kuwa mai rai da matacce kamanninsu ɗaya a tafin hannu. Ƙwai irin wannan ba ya ƙin wuta, duk abin da ka ba shi sai ya sha har ya hallaka. Dole a sa masa resista a hanya.

Resista ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, da zobban launi a jikinsa masu nuna ƙarfinsa. Aikinsa ya tare wuta, ya bar daidai abin da ƙwan zai iya ɗauka ya wuce. Lissafinsa ba wuya. Batir biyu na rimot bolt uku ne. Ƙwan yana riƙe wajen bolt ɗaya da ɗigo uku. Abin da ya rage, ɗaya da ɗigo bakwai, resista ne zai ɗauke shi. Sai ka raba wannan da yawan wutar da kake so ta bi ta cikin ƙwan. Ni da na riga na ƙona guda, tsoro ya sa na zaɓi kaɗan, miliam ashirin. Lissafi ya ba ni resista mai ƙarfin om tamanin da biyar. Mafi kusa da shi a gwangwanina shi ne mai om ɗari, mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ruwan ƙasa. Na liƙa shi da dalma, na tsaya a bakin shago na danna, ƙararrawa ta yi ƙara a kan tebur.

Ɓangaren madafa ma ya ba ni wahala. Idon yana son bolt biyar, sai na ce ga fawabank na cajin waya, in haɗa shi da shi a huta. Na haɗa, ya yi aiki, na juya na sallami wani mai waya, na dawo na danna, shiru. Ashe wutar da idon yake ja ta yi ƙanƙanta ƙwarai, har fawabank ɗin ya ɗauka ba a jona masa komai ba, sai ya kashe kansa. Na bar shi, na nemo ƙaramin batirin babur, na sa masa abin rage wuta zuwa bolt biyar, na sayi 'yar sola kamar faɗin littafi da za ta riƙa cika shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗaure kayan a bayan babur, na bi titi na wuce Shagari, na sauka hanyar ƙasa. Sai da safiyar Asabar na kafa. Na ɗora sola a kan rufin madafa, na buga idon a bango yana kallon rumfa da ƙofar ɗaki. Yayana yana jingine da matashi yana kallona. Na sa masa robar sabulun a cinya, na ɗora tafinsa a kan maɓallin.

Na ce, “Yaya, danna mu gani.”

Ya danna. Can madafa abin ya yi tsuwa kamar ɗan tsako. Matarmu ta leƙo da muciya a hannu. Ya sake dannawa, ta sake leƙowa. A na uku ta fito gaba ɗaya ta tsaya a tsakar gida.

Ta ce, “Malam, in wasa za ka yi da ni, in sani. Tuwo na bisa wuta.”

Rabin bakinsa ya ɗaga. Tun da ya kwanta ban ga ya yi abin da ya yi kama da dariya ba sai ranar. Ya ce, “To.”

Su biyu suka tsara wa kansu yadda za su yi, ban sa baki ba. Dannawa ɗaya ruwa, biyu a juya shi ko a tayar da shi zaune, mai tsawo kuma uzuri ne na bayan gida, a zo da sauri. Na koma Bodinga da farin ciki. A hanya har waƙa na yi a kan babur.

Ba a daɗe ba ta kira ni a waya. Muryarta ba daidai take ba. Ta ce in zo in ɗauki abina.

Da na isa ta tare ni a zaure ta faɗa mini. Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, yana rumfa, cikinsa ya murɗa. Ya danna mai tsawo. Ya yi ta dannawa.

Ta ce, “Wallahi ban ji komi ba. Ina nan madahwa, ban tahi ko'ina ba. Sa'ad da niz zaka in kai shi ɗaki, na iske ya ɓata jikinai, shina kuka. Tun da nis san Malam ban taɓa ganin hawayenai ba, ko ranar da Baba yar rasu. Abin kuma ya jehe shi can gindin rumbu.”

Ta wanke shi, ta sauya masa kaya. Tun daga ranar ya rage cin abinci, don kada ya buƙaci a kai shi. Ta kawo masa robar, ya kau da kai.

Na shiga na gaishe shi. Ya amsa da “to” ɗinsa, bai dube ni ba. Na ɗauko robar na duba. Ba abin da ya karye. Na saita kyamara, ƙwan yana ƙiftawa. Batir da sauransa. Na zauna a inda yake zama na danna, ƙararrawa ta yi ƙara. Na danna daga ɗaki, ta yi. Wannan da hantsi ne. Matarmu tana tsaye tana kallona, ta ce, “Ka gani? Gabanka shina yi.”

Na ƙi tafiya. Na yini a gidan ina dannawa lokaci bayan lokaci, kamar marar hankali. Azahar ta yi, yana yi. Da aka yi la'asar rana ta karkata ta sauko kan bangon madafa, ta haske shi tas har da idon. Na danna, shiru. Na matsa gaba na danna, shiru. Sai da na zo kusa da rumbu sannan ya amsa. A nan na gane. Ita ma rana tana da irin wannan hasken da ba a gani, kuma nata ya ninka na ƙwaina ba iyaka. In ta bugi idon, sai ya dushe, ɗan hasken da ke zuwa daga rumfa ya nutse a ciki. Ranar da na kafa shi safiya ce, bangon yana cikin inuwa. Ga shi kuma na ƙuntata wa ƙwan da resista mai om ɗari, batir ya ɗan ja baya, hasken ya ƙara raguwa.

Gyaran bango mai sauƙi ne. Na yanko guntun bututun roba, na shafa masa baƙin tukunya a ciki, na cusa idon can ƙurya, ya zama ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa. Amma wannan bai ishe ni ba. Ina son hasken ya yi ƙarfin da ko rana ta samu hanya zai ratsa.

Na koma Bodinga na ɗebo kayan aikina na dawo. Wannan karon ban yi aikin a shago ba. Na shimfiɗa buhu a rumfa, daf da shi, na zazzage gwangwanin resista, na sa ƙarfen liƙi a cikin garwashin da matarmu ta ɗebo mini a kasko. Yana kwance ya juya mini ƙeya. Na yi ta aikina ina magana kamar da kaina nake.

Na ce ƙwai guda ya yi kaɗan, biyu zan sa. In na jera su gefe da gefe a kan resista guda, ɗaya zai fi ɗan'uwansa jan wuta, ya ƙone, sannan na biyun ya bi shi. Ko dai kowa da resistansa, ko in ɗaura su a layi, wutar da ta bi ta wannan ta bi ta wancan. In a layi ne, su biyu za su riƙe kusan bolt uku, batir biyu na rimot ba za su iya ba, da sun ɗan yi sanyi shi ke nan. Sai batirin waya, wanda yake kusan bolt huɗu, kuma ana iya cika shi. Abin da zai rage wa resista bai fi bolt ɗaya da 'yan kai ba. Kuma tun da rimot ƙiftawa yake yi, ba riƙe hasken yake ba, ƙwan yana samun hutu tsakani, zai iya ɗaukar wuta fiye da yadda na ba shi a da. In na nemi wajen miliam hamsin ko sittin, resista mai om ashirin da biyu zai yi, mai zobe ja da ja da baƙi. Allon rimot ɗin shi kaɗai ba zai iya tura wannan ba, sai na sa tiransista ya zama kamar mai buɗe ƙofa, allon kuma in rage masa wutar kada batirin waya ya yi masa yawa.

Ban san lokacin da ya juyo da kai ba. Na ɗaga kai na ga idonsa a kan gwangwanin.

Na ɗauko resista guda na nuna masa. Na ce, “Yaya, ka ga wanga? Shi ka tare wuta. In ya tare da yawa, haske ba ya kai madahwa. In ya saki da yawa, ƙwai shi ƙone.”

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa babban yatsa da manuni, ya buɗe su kaɗan, ya ƙara buɗewa, ya sake tsukewa. Na san abin da yake nufi, don na sha ganinsa yana yi da hauya. Bakin fangali ke nan, inda ake sara wa ruwa hanya, a buɗe daidai yadda zai shiga ba tare da ya kwashe shuka ba.

Na ce, “Shi na, Yaya.”

Liƙin dalma yana son hannu uku. A shago da ɗan matsi nake riƙe abu, ranar kuwa ban zo da shi ba. Na tayar da shi zaune na ce, “Riƙe min nan.” Na sa masa ƙafar resistan tsakanin yatsunsa. Hannun yana rawa, dalma ta ɗiga a buhu. Muka sake. Ya dafe gwiwar hannunsa a cinya, ya cije leɓe, ya tsayar da shi. Dalma ta kama. Haka muka liƙa sauran, shi yana riƙewa ina liƙawa. Zufa ta jiƙa masa riga. Matarmu ta zo da fura ta tsaya daga nesa, ta ajiye ta koma.

Da muka gama na saita kyamarar wayata a kan ƙwayayen biyu na juya masa fuskar. Na danna. Hasken shunayya ya cika wayar, ya fi na da nesa ba kusa ba. Ya dubi wayar, ya dubi ƙwayayen da idonsa bai ga komai ba, ya sake duban wayar. Muka jira la'asar. Da rana ta hau bangon madafa sosai, na ajiye robar a tabarma kusa da hannunsa, ban ɗora masa ba. Na tashi na je na kama ba awaki dusa. Ina can na ji ƙarar, guda ɗaya. Matarmu ta fito da moɗa.

Sabon haɗin yana da nasa nauyi. Ƙwai biyu masu shan wuta sosai sun fi saurin cinye batir, kuma ba mai gane ya yi sanyi sai ya ƙi yi. Na bar mata batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a kan sola. Na koya mata dubawa da kyamara. Kowace safiya, bayan ta shafa masa mai, sai ta saita wayarta ta ce, “Malam, danna.” In hasken ya yi kauri ta bar shi, in ya yi siriri ta sauya. Ta ƙware har ta fi ni gane bambancin. Daga baya na sa wani idon a zaure, na uku kuma a bayan gida inda take wanki.

Ya koma cin abinci. Damina ta zo ta wuce, aka dasa albasa, ɗansa yana zuwa hutu yana kula da fadamar tare da wani da aka ɗauka aiki. In an kawo masa albasa daga gona ya gani, sai ya juya ta a hannu, ya matsa wuyanta, in bai gamsu ba ya ture ta. Matarmu ta gaya mini ya ƙirƙiro wani kira da ba ya cikin tsarinsu, gajeru uku a jere. Da farko tana zuwa ta tambaye shi, yana amsawa da kai: ruwa? A'a. A juya ka? A'a. Daga baya ta gane ba ya son komai. Sai ta ɗauko tsintar wake ko surfe ta zo ta zauna a bakin rumfa ta ci gaba da aikinta a nan.

Ta ce, “Da lahiyatai, in ya hita tun asuba sai magariba. Ban taɓa zama da shi haka ba.”

Amma jikin yana ta raguwa. Duk zuwan da na yi sai in ga ya fi na baya ƙanƙancewa. Hannun hagun ma ya fara gazawa, maɓallin ya yi masa tauri. Na sauya masa mai laushi, wanda ko yatsa aka ɗora sai ya kama. Shi kuma ya zo da tasa matsalar. In barci ya ɗauke shi hannun ya zame ya faɗa a kai, ƙararrawa ta yi ta kuka, batir ya ƙare, ita kuma ta yar da abin da ke hannunta ta sheƙo a guje ta tarar da shi yana minshari. Na ce in mayar da mai taurin, ta ce a'a, gara ta yi gudun banza sau goma.

Lokacin cirar albasa, da hantsi, tana bayan gida tana shanya, ta ji ƙarar mai tsawo ba yankewa. Ta ce ta ɗauka barcin ne, amma duk da haka ta yi sauri. Ta tarar da shi ya kife a kan robar, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ciwon ne ya sake bugunsa. Ina shago da rediyon wani a buɗe a gabana aka kira ni. Ko rufe shagon ban yi ba, maƙwabcina tela ne ya ja mini ƙofa. Na iske su a asibiti a Shagari, daga nan aka ce a wuce da shi Sakkwato. Bai farfaɗo ba. Ya yi 'yan kwanaki, ya cika da safe, ɗansa yana riƙe da ƙafarsa, ni ina waje na je karɓo magani.

Muka kawo shi gida muka binne shi kafin azahar. Mutane sun taru sosai, daga Kajiji, daga Dandin Mahe, har dillalan albasa da suka saba saye a wurinsa. Ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, ido na biyu da na kafa yana bisa kaina a bango, cikin bututunsa.

Bayan an watse daga zaman makoki na shiga in yi wa matarmu sallama. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin kayan takaba. Robar sabulun tana kan taga, an goge ta.

Ta ce, “Injiniya, cire min ƙararrawar nan. Jiya wata ɗiya ta ɗauki abin tana wasa, tad danna. Na tashi na ɗauki moɗa, sai da na kai tsakar gida.”

Na hau turmi na kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na madafa, na bayan gida, na zaure. Na zo zan sauke solar da batirin, sai na tsaya. Tana da watanni a gabanta a gidan nan, mafi yawa ita kaɗai, kuma fitilarta ta hannu ce mai cin batir. Na tambaye ta ko in haɗa mata fitila da su. Ta ce in na ga dama.

Akwai farare a aljihun jakata, ƙwayayen fitila na gaske, waɗanda ake gani. Su kowanne bolt uku yake riƙewa, ba kamar na rimot ba, sai lissafin ya sake. Na jera uku a layi a kan batirin babur mai bolt goma sha biyu, saura uku, na nemo resista mai om ɗari da hamsin. Babu mai riƙe mini, sai na danne ƙafarsa da dutse na liƙa. Na rataye ta a saman ƙofarta, na nuna mata inda za ta kunna.

Albasar da aka cire tana tare a gindin rumbu, ba a ware ta ba. Ɗan yayana ya tsaya a kanta ya tambaye ni wadda za a ajiye da wadda za a kai kasuwa. Na ce masa ban sani ba, ban taɓa sani ba. Muka je muka kira wani tsoho maƙwabcinsu na fadama, ya zo ya tsuguna yana matsa wuyansu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna ɗauka muna kaiwa inda ya nuna. Ba mu gama ba sai da aka kira la'asar. Na wanke hannu, na yi salla, na ɗaure jakata a babur na kama hanyar Bodinga.